Maɓallai Uku na Fanka

Akwai wata yarinya 'yar shekara tara da ba ta san zama ba. In ka ce ta zauna, ƙafa na rawa. In ka riƙe ƙafar, baki ya ɗauka. Shi ya sa Abbanta ya sa mata suna Fanka, wai tun safe take juyawa ba ta gajiya. Sunan ya bi ta, har ita ma in an kira sai ta amsa.

A shekarar nan, Fanka da ƙanenta Auta a gida suke karatu. Sun koma sabon gida ana tsakiyar zango, makarantar da ke kusa kuma ta cika maƙil. Aka ce sai baɗi. Ummansu ta ce ba za su zauna haka kawai ba, ita za ta koya musu.

To, Umma tela ce. Keken ɗinkinta yana falo, jikin taga. Teburin karatu yana ɗaya gefen, taku biyar tsakani. Taku biyar ɗin nan kuwa, Fanka tana yin su ya fi sau talatin kafin rana ta take.

"Umma, ina fensirina?"

"Ga shi nan a hannunki."

"Umma, na gama layin farko. In yi na biyu?"

"To da na goma za ki yi?"

"Umma!"

"Na'am, Fanka. Na'am!"

Duk kira ɗaya, sai keke ya tsaya. Ɗinkin mutane ya taru a kwando har yana zubowa.

Wata ranar Lahadi da yamma Fanka tana wanke kofuna, sai ta jiyo Umma da Abba suna magana a falo.

Umma ta ce, "Abban yara, abin nan ba ya yiwuwa. Layi ɗaya ba na iya ɗinkewa ba a kira ni ba. In aka ci gaba a haka, zan rufe keken nan in mayar wa mutane kayansu."

Abba ya ce, "Ki rufe keke? Ke da in kin wuni ba ki taɓa shi ba sai ki zama kamar mara lafiya?"

"To yaya zan yi? Karatun yara ne gaba."

"A sake tsari dai, a gwada. Kada ki yi saurin yanke hukunci."

Fanka ta ji babu daɗi. Ta san Umma tana son ɗinki. In tana kan keke har 'yar waƙa take yi ƙasa-ƙasa. Fanka ta ce a ranta, "Daga gobe ko tari ba zan yi ba."

Washegari suka tarar teburin karatu ya sauya. Kowa yana da ambulan huɗu, an rubuta musu lamba daga ɗaya zuwa huɗu. Kusa da keke kuma ga wani gwangwani, an yi wa murfinsa 'yar tsaga.

Umma ta ce, "Ku saurara da kyau. A cikin kowane ambulan akwai aiki, na rubuta yadda za a yi shi. In kun gama na ɗaya, ku buɗe na biyu. Ba sai kun tambaye ni ba. Ƙarfe sha biyu zan zo mu duba tare."

Fanka ta ce, "In muna da tambaya fa?"

"Na san za ki faɗi haka." Umma ta ba kowa farin maɓalli uku. "Tambaya ɗaya, maɓalli ɗaya. Ki jefa a gwangwani, sannan ki tambaya. In sun ƙare, sai sha biyu."

"Uku kacal?"

"Uku kacal. Kuma yau ku taimake ni. Malamar jinya za ta zo ƙarfe ɗaya karɓar farar rigarta. Yau za ta fara sabon aiki, ƙarfe biyu ake son ganinta."

Keke ya tashi. Fanka ta buɗe ambulan na ɗaya. Ba ta ko karanta takardar ba ta miƙe. Ƙwal! Maɓalli ya faɗa gwangwani.

"Umma, in rubuta kwanan wata a sama?"

"Me layin farko ya ce?"

Fanka ta duba. Layin farko ya ce a rubuta kwanan wata a sama. Ta koma ta zauna.

Ba a yi minti biyar ba, ƙwal!

"Umma, da biro ko da fensir?"

"Layi na biyu, Fanka."

Na ukun kuwa ko tambaya ba ce. Ƙwal!

"Umma, Auta yana kallona."

Kafin ƙarfe tara da rabi, hannun Fanka wayam. Shi kuwa Auta ya jera nasa uku a bakin tebur, wai motoci ne, yana ta zana haruffansa.

Sai ga ambulan na biyu. Lissafi ne, rabawa kuma, abin da Fanka ta fi tsana. Ta kalli tambayar farko, tambayar ta kalle ta. Ta fiƙe fensir. Ta je ta sha ruwa. Ta leƙa taga, ta ƙirga motoci biyu da wani mai keke. Ta dawo ta sake fiƙe fensir har ya kusa zama guntu. Tambaya tana nan inda ta bar ta.

Ta raɗa wa ƙanenta, "Auta, ba ni ɗaya."

"Na ƙi. Motocina ne."

"Haba ɗan ƙanena na kaina."

"Na ƙi, Yaya."

Kai, yaron nan akwai rowa! Fanka ta harare shi, ta juya. A nan idonta ya faɗa kan teburin guga. Akwai wani ɗan faranti a kai, cikinsa maɓallai huɗu shuɗaye masu sheƙi, kowanne da ɗan tambari a tsakiya. Umma ta ba ta baya, kanta na kan ɗinki.

Fanka ta ce a ranta, "Ai gidan nan maɓalli ba ya ƙarewa. Ɗaya kawai."

Ƙwal!

Umma ta tsayar da keke, ta nuna mata matakin farko. Fanka ta koma, ta rubuta, ta tsaya. Mataki na biyu fa? Maimakon ta yi tunani, sai ƙafarta ta kai ta teburin guga. Abu ya zo da sauƙi, to me zai sa ta wahalar da kanta?

Ƙwal! Can kuma, ƙwal!

A na huɗun Umma ta ɗago kai. "Wai ni naki ba sa ƙarewa ne? Ko Auta ne ya ba ki nasa?"

Fanka ta ce, "Uhm." Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Amma ta san abin da Umma za ta ɗauka. Auta ya duƙufa kan harafinsa, harshe a waje, bai ma ji ba.

Sha biyu ta yi, ta wuce. Umma ba ta zo duba aiki ba, don kiran da aka yi ta yi mata ya ja ta baya. Sai sha biyu da rabi ta yanke zaren ƙarshe. Ta ce, "Alhamdu lillahi, saura maɓalli." Ta miƙa hannu kan faranti.

Babu komai.

"Ikon Allah! A nan na ajiye su."

Ta ɗaga faranti. Ta kakkaɓe yadi. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin keke. Ta juye kwandon ƙyallaye a ƙasa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Yara, wa ya ga maɓallai shuɗaye guda huɗu? Malamar jinya ce ta kawo su da kanta. Na wurin aikinsu ne, dole su za a sa."

Fanka ta saci kallon gwangwani. Ashe ba na banza ba ne! Ta ji kanta tana cewa, "Ban gani ba."

Auta ma ya ce bai gani ba, shi kam da gaskiyarsa.

Umma ta duba agogo, ta yafa mayafi. "Bari in je wurin mai kayan ɗinki a bakin titi, ko Allah zai sa in sami irinsu. Kada wanda ya fita."

Ƙofa na rufewa Fanka ta yi tsalle ta cafke gwangwani. In ta fito da su ta jefa ƙarƙashin tebur, shi ke nan, sai a ce faɗuwa suka yi. Ta ja murfi, ya ƙi. Ta sa haƙori, ya ƙi. Ta kife gwangwani tana girgizawa, maɓallai suna ta ƙara a ciki, ko ɗaya bai biyo tsagar ba. Ta zura rula, rula ta maƙale, da ƙyar ta zaro ta.

Auta ya ce, "Yaya, me kike nema a ciki?"

"Yi karatunka!"

"Ai na gama. Ke ce ba ki gama ba."

Sai ga motsi a ƙofa. Fanka ta dire gwangwani ta koma kujera.

Umma ta shigo tana zufa, hannunta babu komai. A bayanta ga malamar jinya, doguwa, da jaka a kafaɗa. A bakin ƙofa suka haɗu.

Malamar ta ce, "Maman yara, ban gane ba. Sun ɓata kamar yaya? Jiya fa na danƙa miki su a hannu."

Umma ta sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Malama. Sakacina ne. Ni ce ban adana su da kyau ba."

Wannan magana ita ta karya Fanka. Ummanta, wadda ko guntun zare ba ta yarwa, ita ce take cewa ta yi sakaci? Ta ji kunya ta rufe ta, ga tausayin Umma. Ta tashi, ta ɗauko gwangwani da hannu biyu.

"Umma, suna ciki. Ni na ɗauka. Nawa ne suka ƙare."

Umma ta sa bakin almakashi ta ɓalle murfi. Ga farare uku, ga shuɗaye huɗu.

Umma ta kwaso shuɗayen. Ta zura zare a allura ta hau ɗinki, hannunta na sauri. Malamar jinya tana tsaye, ta ƙi zama, sai duba agogo take yi. Biyu saura kwata aka ɗinke na ƙarshe.

Malamar ta karɓi riga ta ce, "Ranar farko, ga shi zan makara. Sauran rigunana biyu da ke wurinki, gobe ƙarfe ɗaya zan dawo. In sun kammalu, to. In ba su kammalu ba, ki haɗa mini yadina in kai wani wuri." Ta fita da sauri.

Fanka ta jira faɗa. Ba a yi ba. Umma ta ɗauko wani babban ƙyalle ta lulluɓe keke, ta shiga kicin. Wallahi da faɗan aka yi mata da ya fi mata sauƙi.

Da la'asar Abba ya dawo daga aiki. Ya ga keke a rufe, ya ga idon Fanka ya yi ja. Ya ce, "Yau kuma wa ya kashe mana fankar gida?" Babu wanda ya yi dariya.

Umma ta ba shi labari. Abba ya kira Fanka, ta zo ta durƙusa.

"Laifi nawa kika yi yau?"

"Biyu, Abba. Na ɗauki abin da ba nawa ba. Kuma na ce ban gani ba."

"Na Auta fa, da kika bari aka zaci shi ya ba ki?"

"Uku." Hawaye suka zubo. "Umma, ki yafe mini. Don Allah kada ki rufe keke. Na ji abin da kika gaya wa Abba jiya."

Umma ta dube ta. "Kin ji, amma kika yi abin da kika yi?"

"Na so in yi shiru, Umma. Amma in na kasa abu, sai in ji kamar kujerar tana cizona. Ban san me zan yi ba in ban tambaye ki ba."

Umma ta miƙa mata hannu. Ta ce, "Zo nan." Ta zaunar da ita kusa da ita. "Ɗaukar kayan mutane da ƙarya, wannan naki ne. Gobe da bakinki za ki ba Malama haƙuri. Kuma gobe maɓalli ɗaya za ki samu. Amma ni ma da nawa. Na gaya miki sau nawa za ki tambaya, ban gaya miki abin da za ki yi in kin maƙale ba."

Ta ɗauko kwali da biro, ta miƙa wa Fanka. "Rubuta da hannunki. Na farko, ki karanta tambaya sau biyu a hankali. In ba ta fito ba, ki juya takarda, zan riƙa sa misali a baya. In har yanzu, ki zana abin ki gani da idonki."

"In duk na yi ban iya ba fa?"

"Sai ki yi mata tauraro a gefe ki wuce. Sha biyu mu yi tare. Kasawa ba laifi ba ce."

Abba ya ce, "Ku ƙara ɗaya. Duk ambulan da ta gama, ta fita ta zaga tsakar gida da gudu sau uku. Ƙafafun nan in ba a ba su nasu aikin ba, ba za su bar kan ya yi nasa ba."

Umma ta ɗan murmusa. Fanka ta ce, "To keken fa?"

"Gobe kaɗai zan buɗe shi. Riguna biyu kafin ƙarfe ɗaya ba wasa ba ne. In ba su kammalu ba, na rufe ke nan."

Washegari Fanka ta jingina kwalinta a jikin kofin fensir. Ambulan na ɗaya karatu ne, ta gama shi lafiya. Ta fita ta zaga tsakar gida sau uku, Auta na bin ta yana ihu. Ta dawo tana haki, ta buɗe na biyu.

Rabawa ce dai. An ce littattafai tamanin da huɗu za a jera a kanta shida, kowace kanta daidai da 'yar'uwarta. Nawa za a sa a kowace?

Nan take kujera ta fara halinta. Ƙafar Fanka ta soma rawa. Har ta ɗauki maɓallinta, har ta ɗaga daga kujera. Sai ta hangi Umma ta duƙa kan keke, ko hannun rigar farko ba ta haɗa ba. Ta ajiye maɓalli, ta zauna a kan tafin hannunta.

Ta karanta sau ɗaya. Ta karanta sau biyu. Shiru. Ta juya takarda ta ga misali, ta gane rabi, rabi ya tsere. Ta ce, "To bari in zana."

Ta zana kanta shida, duk a karkace. Ta sa goma a kowace. Sittin ke nan. Saura ashirin da huɗu. Ta riƙa sa ɗaya-ɗaya tana zagayawa, har suka ƙare. Ta ƙirga, kowace kanta ta sami ƙarin huɗu.

Sha huɗu!

Ta sake ƙirgawa. Sha huɗu dai. Ita kaɗai, babu wanda ya gaya mata! Daɗi ya kama ta, ta buɗe baki za ta ƙwala "Umma!" Sai ta toshe bakin da hannu biyu. Ta yi rawarta a zaune, kujera na ƙara.

Tambaya ta biyu da ta uku suka bi hanya. Ta huɗu ta ƙi, duk da zane. Fanka ta yi mata tauraro, ta murguɗa mata baki, ta wuce. Maɓallinta ɗaya ta kashe shi a ambulan na uku, kan wata kalma da ba ta taɓa gani ba. Umma ta amsa cikin numfashi ɗaya, ta ce, "Wannan ita ce tambaya," ta ci gaba da ɗinki.

Sha biyu da kwata Umma ta goge riga ta biyu, ta rataye ta. Ta zo ta zauna a teburin karatu. Mai tauraron nan, ashe lamba ɗaya Fanka ta kwafa ba daidai ba. Minti biyu suka gyara.

Ƙarfe ɗaya malamar jinya ta yi sallama. Fuskarta babu fara'a. Fanka ta tare ta tun daga ƙofa, ta rusuna.

"Malama, ki yi haƙuri da abin da na yi jiya. Ni na sa kika makara, ba Umma ba."

Malamar ta dube ta. "Kin san sai da na tsaya ina ba shugabata haƙuri a gaban mutane?"

"Ki yafe mini. Ba zan ƙara ba."

"To, na yafe. Tashi. Da kika fito kika faɗi gaskiya jiya, kin kyauta."

Ta ɗaga rigunan ta juya su, ta duba wuya, ta duba aljihu. Fuskarta ta saki. "Kai, Maman yara, hannunki akwai kyau. Jiya abokan aikina suna ta tambayar wa ya yi mini ɗinki. Su biyar suna so. Amma na ce sai na ga yadda yau za ta kasance. Za ki iya karɓa?"

Umma ta juya ta kalli Fanka.

Fanka ta gane. Riga biyar, safiya nawa ke nan? Rabawa nawa ke nan? Ta gyara tsayuwa.

"Karɓa, Umma. Zan iya."

Umma ta jawo ta ta rungume, idonta ya kawo ruwa. Ta ce wa malamar, "Ki ce su kawo."

Daga ranar Fanka ta gane abu biyu. In ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri, kafin wani ya ɗauki laifinka. In kuma aiki ya yi maka wuya, ka fara gwadawa da kanka kafin ka kira wani. Tambaya abu ne mai kyau, amma bayan an yi ƙoƙari.